Darasi na 12: Wa'adin Hayar Abin Hawa Mai Caji Ya Cika, Ko Za a Sake Ɗaukar Irinsa?

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta nau'o'in yarjejeniyar da ake karɓar abin hawa da su;
2. auna lafiyar batir da lissafi mai sauƙi;
3. fitar da ainihin abin da abin hawa yake bar masa a wata;
4. yanke shawarar sabunta haya, ko saye, ko canzawa, bisa hujja.

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce naira 1,000. Ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Basirka da Gwaram, da mai keken da ke kai marasa lafiya asibitin tarayya na Birnin Kudu, da 'yar kasuwar da ke biyan kuɗin dakon gyaɗa da riɗi zuwa kasuwar Sara, babu wanda bai ji a jikinsa ba.

Wannan ne ya sa mutane suka fara waiwayar ababen hawan da ba sa shan mai, wato babur da keke da mota masu caji. Da yake kuɗinsu yana da nauyi, yawanci ba a sayensu lakadan. Ana karɓa ne da yarjejeniya, a riƙa biya har wani wa'adi. Ranar da wa'adin ya cika, mai kaya zai tambaye ka ko za ka sake ɗaukar irin wanda ka saba da shi. Wannan darasi a kan amsar wannan tambaya yake. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, sabunta yarjejeniya sabon ciniki ne, kuma abin da ka rubuta game da aikin da abin hawan ya yi maka a kan hanyarka shi ya kamata ya yanke hukunci.

Yadda Abin Ya Iso Gare Mu

Motar lantarki ba ta yawaita a hanyoyinmu ba tukuna, amma ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A shekarar 2020 kamfanin Stallion ya fito da motar Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi suna a kamfanin General Motors na Amurka da zanen motar Chevrolet Volt. A Maiduguri, Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun riƙa cire injin fetur daga ƙananan motocin bas suna mayar da su masu batir, sannan a watan Disamba na 2023 gwamnatin Borno ta Farfesa Babagana Umara Zulum ta ƙaddamar da motocin haya masu amfani da lantarki da gas.

A waje abin ya yi nisa. A ƙasar Nowe, kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar a 2024 masu lantarki ne zalla. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal a 2024. A Amurka da Ingila mutane da yawa ba sa sayen motar lantarki kai tsaye. Hayarta suke yi ta shekara biyu ko uku, da ƙayyadadden nisan da za su yi a shekara, in wa'adi ya cika su mayar, su zaɓi ko su sake ɗaukar irinta ko su canza. Dalilinsu shi ne fasahar batir tana sauyawa da sauri, kuma darajar tsohuwar motar lantarki tana faɗuwa da sauri, don haka sun gwammace kamfani ya ɗauki wannan asarar.

A wurinmu wannan tambaya ta fi shafar babur da keke, domin su ne abin neman abincin talaka. Amma ma'aunin ɗaya ne, ko babur ne ko mota.

Wace Irin Yarjejeniya Ka Sa wa Hannu?

Kafin ka yi tunanin sabuntawa, ka fara sanin abin da kake ciki. Hanyoyin da aka fi sani guda uku ne.

Ta farko ita ce haya zalla. Abin hawa na mai shi ne, kai kana aiki da shi kana kawo balas kullum ko duk mako. Ko shekara nawa ka yi kana biya, ba zai zama naka ba. Amfaninta shi ne babban gyara ya kamata ya hau kan mai kaya.

Ta biyu ita ce biya kaɗan-kaɗan har ka mallaka. A nan ana ɗora riba a kan farashi, a raba kuɗin zuwa makonni ko watanni, ranar da ka kammala a miƙa maka takardu. Da wannan hanya 'yan adaidaita sahu na Kano da yawa suke samun keke. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, suna da tsare-tsaren da ake kira murabaha da ijara. A murabaha banki ne ke sayen kaya ya sayar maka da sananniyar riba. A ijara kuwa haya yake ba ka, kayan yana nan a matsayin nasa har zuwa lokacin da aka yi alkawarin mallaka maka.

Ta uku sabuwa ce, ababen hawa masu caji ne suka zo da ita: babur naka, batir na kamfani. Idan batir ya ƙare sai ka je tasha ka ajiye, ka ɗauki cikakke, ka biya kuɗin musaya. Kamfanonin Spiro a Benin da Togo, da Ampersand a Ruwanda, da wannan tsari suka yi suna. Yana sauke wa mutum damuwar tsufan batir, amma yana ɗaure shi da tashar kamfanin. Inda babu tasha kusa, babur ɗin ba shi da amfani.

Wannan bayani ya shafi mata ma. Mata da yawa suna kwasar adashe su sayi babur ko keke su ba wani yana kawo musu balas. Mai irin wannan jari ita ce mai kaya, kuma tambayoyin da ke tafe nata ne kamar yadda suke na direba.

Sabo Turken Wawa

Abin da ya fi sa mutane sake ɗaukar irin abin hawan da suka mayar shi ne sabo. Hannu ya san birkinsa, kunne ya san ƙararsa, an saba da dillali, ga shi babu wahalar cike sababbin takardu. Sabo yana da amfaninsa, domin wanda ya san halin abin hawansa ya fi saurin gane matsala tun tana ƙarama. Amma Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Shekara biyu ta ishi farashi ya tashi, ta ishi kamfani ya canza irin batirin da yake sawa alhali sunan babur ɗin bai canza ba, ta kuma ishi wani kamfanin ya fito da wanda ya fi shi nisan tafiya.

Manomin da ya yi hayar gona ba ya sake kama ta don kawai ya saba da hanyar zuwa. Bayan kaka yakan zauna ya ƙirga dami nawa ta ba shi, buhun taki nawa ta ci, sannan ya ji nawa mai gona yake nema bana. Haka ya kamata mai abin hawa ya yi, ta hanyar amsa tambayoyi biyar.

Tambaya ta Ɗaya: Yaya Lafiyar Batir?

A abin hawa mai caji, batir ne ya fi komai tsada, kuma kullum ƙarfinsa raguwa yake yi. Akwai manyan iri biyu a kasuwa. Batirin dalma, ɗan'uwan wanda ake sa wa mota da sola, ya fi araha amma yana da nauyi, kuma bayan caji 'yan ɗaruruwa yakan yi sanyi. Batirin litiyam ya fi tsada, ya fi sauƙin nauyi, ya fi daɗewa. A cikin na litiyam ɗin ma, wanda ake rubuta wa LFP ya fi jure zafi, kuma mai kyau yakan ɗauki caji dubu biyu ko fiye. Don haka ka tambayi irin batirin da ke cikin sabon da za a ba ka, kuma a rubuta amsar a takarda.

Babban abokin gabar batir shi ne zafi. Motar Nissan Leaf da ta fito a 2010 ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake tsananin zafi, suka yi ta ƙorafin batirinsu yana rasa ƙarfi da wuri, har kamfanin ya fito da garantin ƙarfin batir na shekara biyar ko mil 60,000. A yau manyan kamfanonin mota sukan ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, da alkawarin ƙarfin batir ba zai sauka ƙasa da kusan kashi 70 cikin ɗari ba. Mu da zafin bazara kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Garantin babur da keke kuwa bai kai na mota tsawo ba, shi ya sa dole a karanta shi da kyau.

Ga yadda za ka auna batirinka ba tare da na'ura ba. Ka cika shi taf, ka bi hanyar da ka saba bi da irin kayan da ka saba ɗauka, ka duba kilomita nawa ya yi kafin ya nemi caji. Ka raba wannan adadi da nisan da yake yi yana sabo, ka ninka da 100. Misali, idan yana sabo yana yin kilomita 80, yanzu kuma yana yin 56, to 56 ÷ 80 × 100 = 70. Saura kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin batirin ke nan. Idan ya sauka haka cikin shekara ɗaya ko biyu, sabon irinsa ma haka zai yi maka, sai fa in kamfanin ya inganta shi.

Tambaya ta Biyu: Ina Kake Caji, Kuma Nawa Yake Cin Ka?

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kuma kowa ya san yadda wuta ke zuwa ta tafi a garuruwanmu. Mai abin hawa mai caji yakan dogara ne da ɗayan uku: wutar gari, ko sola, ko shagon da ke caji da janareta. Wanda ke caji da janareta, fetur ɗin da ya guda shi yake biya ta bayan gida. Wanda ke da sola a gida ko a ƙungiya ya fi samun sauƙi, sai dai da rana ake samun wutar sola, lokacin da ya kamata yana kan hanya, kuma da damina da hazon hunturu ƙarfinta yana raguwa.

Ka tambayi kanka: sau nawa na kwana ban samu caji ba? Sau nawa na ƙi ɗaukar fasinja mai zuwa nesa don tsoron batir ya mutu a daji? Idan ka kai mutum Darazo ko Birnin Kudu, akwai inda za ka ƙara caji ka dawo? Fasinjan da ka ƙi ɗauka ma kuɗi ne da ka rasa, ko da bai fita daga aljihunka ba.

Tambaya ta Uku: Wa Ke Gyara, Ina Kayan Gyara Suke?

Babur mai caji ba ya buƙatar baƙin mai ko fulogi ko wankin kafireto, wannan sauƙi ne babba. Amma idan caja ta ƙone, ko na'urar da ke sarrafa wuta tsakanin batir da inji ta lalace, ba kowane bakanike ne zai taɓa ta ba. Babur ɗin Bajaj Boxer in ya tsaya, da wuya a rasa mai gyara da kayan gyara a garin da ke kusa. Mai caji kuwa wataƙila sai an aika Dutse ko Kano, ko ma Legas. Duk ranar da abin hawa ya yi a ajiye yana jiran gyara, mai kaya yana ƙirga balas ɗinsa, iyali kuma suna jiran cefane. Saboda haka kwanakin da aka rasa su ne adadi mafi muhimmanci a littafin lissafinka.

Tambaya ta Huɗu: Ya Dace da Aikinka da Hanyarka?

Abin hawan da aka ƙera don kwaltar birni ba lallai ne ya jure burji da yashi da kwazazzabon damina ba. Nauyin kaya da yashi da hawan tudu duk suna shanye batir da sauri. Ka duba ko aikinka ya canza tun da ka ɗauki na farko. Wanda da yake kai yara makaranta a cikin gari, yanzu kuma ya koma dakon buhuna daga ƙauye, yana buƙatar abin hawa dabam, ko da na farkon bai taɓa ba shi matsala ba.

Tambaya ta Biyar: Me Sabuwar Takarda Ta Ce?

Kada ka ɗauka sabuwar yarjejeniya irin tsohuwar ce. Ka nemi a karanta maka ita tun daga farko har ƙarshe, ka kuma tabbatar ta fayyace waɗannan: nawa za a biya da kuma yaushe, wa zai canza batir idan ya yi sanyi, me zai faru idan ka yi rashin lafiya ka kasa biya na mako ɗaya ko biyu, wa ke da alhaki idan an yi haɗari ko sata, ko akwai na'urar da kamfani zai iya kashe abin hawan da ita daga nesa, da kuma nawa za ka biya idan kana so ka mallake shi a ƙarshe. Addini ma ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kamar yadda ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Duk alkawarin da dillali ya yi da baki, ka ce a sa shi a takarda.

Misalin Lissafi

Alƙaluman da ke ƙasa misali ne don koyon hanyar lissafi. Kowa zai sa nasa na gaskiya a madadinsu. Mu ɗauka wani ɗan acaɓa yana samun naira 9,000 a rana, kuma kwanakin aiki a wata 26 ne. Wa'adinsa ya cika, ga zaɓi uku a gabansa.

Zaɓi na ɗaya, ya sake ɗaukar sabon irin babur ɗinsa mai caji. Littafinsa ya nuna yakan rasa kwana 2 a wata, saura 24.
Samu: 24 × 9,000 = 216,000.
Haya 80,000; caji 24 × 1,000 = 24,000; ƙananan gyare-gyare 6,000. Jimillar kashewa 110,000.
Abin da ya rage: 106,000.

Zaɓi na biyu, ya sayi tsohon da ke hannunsa a kan naira 450,000, ya sa masa sabon batir na naira 390,000. Jimilla 840,000. Idan aka raba a kan wata 24, kowane wata 35,000 ne. Da yake babur ɗin ya tsufa, mu ce zai rasa kwana 3, saura 23.
Samu: 23 × 9,000 = 207,000.
Kuɗin saye 35,000, caji 23,000, gyara 12,000. Jimillar kashewa 70,000.
Abin da ya rage: 137,000.

Zaɓi na uku, ya koma hayar babur mai shan mai. Zai rasa kwana 1, saura 25.
Samu: 25 × 9,000 = 225,000.
Haya 70,000; fetur 25 × 2,500 = 62,500; baƙin mai da gyara 10,000. Jimillar kashewa 142,500.
Abin da ya rage: 82,500.

A wannan misali sayen tsohon ya fi barin riba, amma yana buƙatar dunƙulallen kuɗi, kuma duk abin da ya lalace a kansa yake. Wanda ba shi da wannan kuɗi, sake ɗaukar mai cajin ya fi masa komawa fetur da naira 23,500 a wata.

Yanzu mu canza abu ɗaya kawai. A ce littafin ya nuna kwana 6 yake rasawa a wata saboda rashin wuta da jiran kayan gyara. Samu zai koma 20 × 9,000 = 180,000. Kashewa: 80,000 + 20,000 + 6,000 = 106,000. Abin da ya rage 74,000, wato ya gaza na babur mai shan mai. Babur ɗaya ne, farashi ɗaya ne, amma amsar ta juya. Shi ya sa shawarar da ta yi wa maƙwabcinka daidai tana iya cutar da kai, kuma wanda bai rubuta kwanakinsa ba ba shi da hanyar sanin inda ya dosa.

Karatu: Hira Tsakanin Kawu da Ɗan 'Yar'uwarsa

Ɗa: Kawu, barka da hutawa.

Kawu: Barka kadai, ɗana. Yaya aiki? Na ji an ce wa'adin mashin ɗinka ya kusa.

Ɗa: Saura wata guda, Kawu. Dillali ya ce in na sa hannu a makon nan zai ba ni sabo fil irinsa.

Kawu: To, me ya sa sai a makon nan?

Ɗa: Ya ce kayan sun kusa ƙarewa.

Kawu: Haka kowane mai sayarwa yake faɗa. Kai da ka yi shekara biyu kana biya ba fashi, shi ne yake buƙatarka. Kwana nawa mashin ɗin ya yi a ajiye bana?

Ɗa: Wallahi Kawu ban riƙe ba, amma da damina ya ɗan daɗe, lokacin da caja ta ƙone.

Kawu: "Ya ɗan daɗe" ba lissafi ba ne. Je ka wurin bakaniken, ka duba saƙonnin wayarka na lokacin, ka tambayi mai ɗakinka, za ta tuna makon da cefane ya yi wuya. Ka haɗa kwanakin ka kawo mu zauna.

Ɗa: In kuma lissafin ya nuna yana da kyau fa?

Kawu: Sai ka sake ɗauka da ƙwarin gwiwa. Amma ka ce a rubuta maka garantin batir, a kuma rage maka wani abu saboda cika alkawarinka.

Ɗa: Na gode, Kawu. Allah ya ƙara girma.

Kawu: Amin. Allah ya yi maka albarka.

Shirin Ranar Zama da Mai Kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara shiri tun saura wata biyu ko uku. Ka auna batir kamar yadda muka koya. Ka ji farashin aƙalla wasu dillalai biyu. Ka nemi mutanen da ke hawan sabon samfurin ka ji daga bakinsu, domin gani ya kori ji, kuma in da hali ka hau shi da kanka a kan hanyarka. Ka wanke abin hawan, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe kafin ka mayar, don kada a ɗora maka lalacewar da ba kai ka yi ba. Ka tafi da shaida wanda ya iya karatu, kamar wani daga shugabannin ƙungiyarku, ka kuma karɓi kwafin takarda ka adana.

Idan ka yanke shawarar ci gaba da mai caji, ka kula da batirinka tun ranar farko. Ka ajiye abin hawan a inuwa, ka bar batir ya huce kafin ka sa caji, kada ka riƙa barinsa ya mutu murus, kuma ka yi amfani da cajarsa ta asali. Kada a yi caji a ɗakin kwana ko kusa da kara da ciyawa, domin batirin litiyam in ya kama wuta yana da wuyar kashewa. Da damina kada ka kutsa da shi cikin ruwa mai zurfi.

Taƙaitawa

Sake ɗaukar irin abin hawan da aka saba da shi yana iya zama daidai, yana iya zama asara. Abin da ke bambance su shi ne lafiyar batir, samuwar caji, sauƙin gyara, dacewa da aiki, da sharuɗɗan sabuwar takarda. Duka biyar ɗin ba sa buƙatar babban ilimi. Suna buƙatar ƙaramin littafi da biro, da mutum ya riƙa rubuta abu huɗu kowane dare: abin da ya samu, abin da ya kashe a caji, abin da ya kashe a gyara, da ko ya fita aiki ko bai fita ba. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda bai gama ƙwarewa a rubutu ba yana iya farawa da jan layi ɗaya a duk ranar da abin hawa ya kwana a ajiye.

Tambayoyi

1. Faɗi nau'o'i uku na yarjejeniyar karɓar abin hawa, da bambancin da ke tsakaninsu.
2. Me ya sa zafin bazara yake da muhimmanci ga mai abin hawa mai caji?
3. Keke yana yin kilomita 90 yana sabo, yanzu yana yin 72. Saura kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin batirinsa?
4. A zaɓi na ɗaya na misalinmu, nawa zai rage idan kwana 4 aka rasa a wata?
5. A zaɓi na uku, nawa zai rage idan kuɗin fetur ya koma naira 3,000 a rana?
6. Kawo abubuwa huɗu da dole sabuwar yarjejeniya ta fayyace.
7. Me ya sa Kawu ya ce dillali ne yake buƙatar ɗan 'yar'uwarsa?

Aikin Rukuni

Ku rabu gida uku. Kowane rukuni ya tattauna da mai babur ko mai keke ɗaya a Basirka ko ƙauyen da ke kusa, ko na fetur ne ko mai caji, ba tare da rubuta sunansa ba. Ku tambaye shi abin da yake samu a rana, abin da yake kashewa, da kwanakin da ya rasa a watan jiya. Ku yi lissafin abin da ya rage masa, ku kawo aji a mako mai zuwa a kwatanta.

Aikin Gida

Kowane ɗalibi ya ja layi huɗu a shafin littafinsa da kanun "Samu", "Caji ko Mai", "Gyara" da "Fita Aiki". Ya cike su na tsawon kwana bakwai game da abin hawansa ko na wani a gidansu. Wanda ba shi da abin hawa ya yi irin wannan lissafi a kan wani abin sana'a da ake haya, kamar injin niƙa, ko injin ban-ruwa, ko keken ɗinki.